Me Ya Sa Ba a Harba Roka Daga Kaduna?

Ranar wata Asabar, bayan iskar farkon damina ta karkatar mana da dish, muka kira mai gyara ya hau rufin gidanmu a Tudun Wada. Ɗan yayata, wanda yake zaune a wurina yana karatun injiniya, shi ya riƙe masa tsani. Mai gyaran ya daɗe yana juya farantin kaɗan-kaɗan wajen gabas, idonsa a kan 'yar na'urarsa, har hoto ya dawo, ya ɗaure noti ya sauko. Da ya tafi sai yaron ya ce: "Kawu, abin da farantin nan yake kallo, wani ne ya kai shi can ya ajiye. Mu ma an ce muna da namu, amma duk a ƙasar wasu aka harba su. Ga sansanin sojan sama a Mando, ga masana'antar makamai ta DICON a Kakuri, ga fili fetal ko'ina ka duba, kuma malaminmu ya ce ƙasar da take kusa da ikwaita ita ta fi dacewa da harba roka. To me ya hana mu?"

Ba shi kaɗai yake wannan tambaya ba. Amsar da aka saba ji a majalisa ita ce rashin kuɗi da rashin shugabanci, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai ko gobe da safe aka zube kuɗin a ƙasa, ba a Kaduna za a kafa dandamalin ba. Dalilin yana cikin yadda ita kanta rokar take aiki.

Mutane da yawa suna zaton wahalar tana wajen hawa sama. Sararin samaniya kuwa ba shi da wani nisa. Iyakar da aka saba ɗauka ita ce kilomita 100 daga doron ƙasa, wato ta ɗan ɗara tafiyar Kaduna zuwa Zariya, ba ta ma kai rabin hanyar Kano ba. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda 'yan sama jannati suke zama, tsayinta kamar kilomita 400 ne. Amma duk abin da ka cilla sama a miƙe, komai nisan da ya kai, dawowa zai yi kamar dutsen da yaro ya jefi mangwaro da shi. Abin da yake riƙe tauraron ɗan'adam a sama shi ne gudu a kwance. Kullum cikin faɗowa yake, amma saboda tsananin gudunsa, kafin ya iso, doron duniya ya riga ya lanƙwashe ya kauce masa. A ƙaramin falaki, wato kewayen da yake kusa da duniya, gudun da ake buƙata shi ne kilomita 7.8 a kowane sakan, kusan kilomita 28,000 a awa. Layin dogon Rigasa zuwa Idu kilomita 186 ne, kuma mai wannan gudu zai shafe shi a sakan 24, ya kewaye duniya a awa ɗaya da rabi. Shi ya sa idan ka lura da bidiyon harbi, rokar ba ta jimawa a tsaye. Da ta ɗan ɗaga sai ta fara kishingiɗa, don gudun kwancen take nema.

Samun wannan gudu shi ne matsalar guzuri. Madugun da zai ƙetare sahara ya san ta: in ka ƙara kwanakin tafiya sai ka ƙara harawa da ruwa, in ka ƙara su sai ka ƙara raƙuman da za su ɗauka, su ma raƙuman da ka ƙara ci za su yi, sha za su yi. Wani malamin makaranta ɗan Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, shi ya fitar da lissafin wannan a 1903, kuma har yau ba wanda ya kuɓuce masa. Roka ma ta fi raƙumi shiga uku, domin injin mota yana shaƙar iska kyauta, ita kuwa inda za ta babu iska. Dole ta ɗauki iskar oksijin ɗinta, wadda aka sanyaya har digiri 183 ƙasa da sifili ta zama ruwa. Ɗauki Falcon 9 ta kamfanin SpaceX, wadda ta fi kowace roka aiki a wannan zamani. Tsawonta mita 70, nauyinta lokacin tashi kamar tan 549, kuma wajen tan 500 daga ciki mai ne da oksijin. Man kuwa tataccen kananzir ne, ɗan'uwan wanda ake zuba wa risho. Iyakar kayan da za ta kai ƙaramin falaki tan 22.8 ne, wato kashi 4 cikin 100 na nauyinta.

Dabarar da aka samo ita ce a yi rokar gaɓa-gaɓa kamar rake. Mai shan rake ba ya tafiya da tuƙa a baki, in ya tsotse sai ya furzar. Da man gaɓar farko ya ƙare, sai a yar da ita da tankunanta da injinanta masu nauyi, gaɓar sama ta kunna nata injin ta ci gaba da ɗan abin da ya rage.

A nan nake ganin ana tauye haƙƙin gaɓar sama. Duk hoton da ake nuna mana na gaɓar farko ne, wuta da hayaƙi da ƙara. Ita ce kuma yanzu take dawowa ta sauka a tsaye, tun ranar 21 ga Disamban 2015 da SpaceX ya fara yin haka a Fulorida, sannan ya sake harba wadda ta taɓa tashi a Maris na 2017. Abin a yaba ne, ya kuma rage tsada. Amma a Falcon 9, gaɓar farko da injinanta tara aikin minti biyu da rabi take yi. Tana fitar da rokar daga iska mai kauri, ta saki a tsayin kilomita 70 ko makamancin haka, kuma idan ana son a dawo da ita, a lokacin gudun bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da ake nema ba. Ragowar kashi biyun, gaɓar sama ce mai inji ɗaya tak take cikawa, a inda idon 'yan kallo ba ya kaiwa.

Saboda ita take raka kaya har ƙarshe, duk kilon da aka ƙara a jikinta an rage shi ne kai tsaye daga kayan mai biya. Wannan ya sa har yanzu Falcon 9 ba ta dawo da gaɓar samanta: ƙafafun sauka da garkuwar zafi da man dawowa za su cinye wurin kayan. Wannan kuma ya sa maƙeranta suke kankare nauyi har abin ya ba da tsoro. Gaɓar Centaur ta Amurka, wadda ta fara tashi lafiya a Nuwamban 1963 kuma jikokinta suke aiki har yau, bangon tankinta na ƙarfe bai kai kaurin milimita ɗaya ba. In ba a cika shi da iska ko an ɗaure shi a miƙe ba, lotsewa yake yi da nauyin kansa. Duk mai walda a Panteka ya san abin da ake nufi da haɗa ƙarfe mai wannan sirantaka ba tare da ya huje ba, balle a ce a zuba masa ruwan haidirojin mai sanyin digiri 253 ƙasa da sifili. Ana jure wahalar haidirojin ne don kowane kilo nasa ya fi na kananzir tura roka, kuma a gaɓar sama kilo shi ne komai.

Abu mafi wuya da ake nema daga gare ta shi ne ta mutu ta sake tashi. Mai mashin in mansa ya yi ƙasa, yakan kwantar da mashin ɗin gefe don ɗan abin da ya rage ya gangaro bakin famfo. A falaki babu gangarowa. Da an kashe inji, man sai ya watse cikin tanki yana yawo curi-curi, kuma in injin ya zuƙi iska maimakon mai, zai iya tarwatsewa. Don haka kafin a sake kunnawa, wasu ƙananan injina sukan ɗan tura gaɓar gaba a hankali har man ya taru a gindin tanki. Duk wannan kwamfutar cikinta ce take yi ita kaɗai, wani lokaci a can bayan duniya inda ba tashar da take jin ta.

Amfanin sake tashin yana komawa ga dish ɗinmu na Tudun Wada. Ana ɗaure shi da noti a manta da shi ne saboda tauraron da yake kallo yana tsayin kilomita 35,786, daidai saman ikwaita, inda kewayensa ɗaya ya yi daidai da juyawar duniya ɗaya. Daga ƙasa sai ka ga kamar a tsaye yake cak. Namu NigComSat-1R yana can a digiri 42.5 gabas. Yawancin rokoki ba sa kai tauraro har wannan wuri. Gaɓar sama takan fara shiga ƙaramin falaki, ta kashe inji, ta yi shiru tana tafiya har ta iso saman ikwaita, sannan ta sake kunnawa ta wurga tauraron cikin wata hanya mai siffar ƙwai, gefe ɗaya 'yan kilomita ɗari kaɗan daga ƙasa, ɗaya gefen can wajen 36,000. Nan take sallamar sa. A wannan tafiya Falcon 9 tan 8.3 kaɗai take iya ɗauka. Shi kuma tauraron, tsugune ba ta ƙare masa ba, domin da nasa injin da nasa man zai mayar da ƙwan ya zama da'ira, ya kuma gyara karkatar hanyar ta kwanta daidai kan ikwaita. Kusan rabin nauyin irin waɗannan taurari mai ne, kuma abin da ya rage bayan an isa, da shi za a riƙa riƙe tauraron a mazauninsa shekara da shekaru. Sau da yawa tauraron sadarwa yana barin aiki da na'urorinsa lafiya lau, man ne ya ƙare.

To ka ga ke nan inda gaɓar sama ta sauke ka shi ne tsawon rayuwar tauraronka. Wanda aka harba daga Kourou, a Giyana ta Faransa, yakan rage masa gudun mita 1,500 a sakan ya cika da kansa. Wanda aka harba daga Cape Canaveral a Fulorida, kamar 1,800. Riƙe tauraro a mazauninsa yana cin gudun kusan mita 50 a sakan kowace shekara, saboda haka wannan bambanci na 300 shekaru ne na aiki da kuɗin shiga. Rashawa, da yake filin harbinsu na Baikonur yana can digiri 46 arewa a Kazakistan, sun magance nisan da gaɓar Briz-M a kan rokar Proton, wadda takan kunna injinta har sau biyar cikin tafiyar awa tara kafin ta saki kaya.

Kuskurenta kuwa ba ya zuwa da ƙara. A Agustan 2014 rokar Soyuz ta tashi daga Kourou da taurari biyu na tsarin Galileo na Turai, aka yi tafi, aka yi murna. Daga baya aka gane gaɓar Fregat ta sauke su a hanyar da ba tasu ba, saboda an ɗaure bututun mai da bututun iskar hiliyom mai tsananin sanyi a kan maƙali ɗaya, man ya daskare. A Nuwamban 2017 wata Fregat ɗin ta tashi daga sabon filin Vostochny na Rasha, taurari 19 suka salwanta, hukumomin Rasha suka ce an saita manhajarta ne kamar daga Baikonur za ta tashi. Sabuwar rokar Turai, Ariane 6, ta yi tashin farko lafiya ranar 9 ga Yulin 2024, amma gaɓar samanta ta kasa kunnawar ƙarshe da za ta dawo da ita ta ƙone, ta zauna a falaki.

Wannan kunnawar ƙarshen ta shafe mu, mu da ba mu harba komai. Gaɓar da ta kai tauraro falaki ita ma ta shiga falakin, kuma in ba a jagorance ta ta faɗa teku ba, wata rana za ta dawo inda ta ga dama. A Mayun 2020 ɓaraguzan rokar Long March 5B ta ƙasar Sin sun faɗo a ƙauyukan Kodebuwa. Ranar 30 ga Disamban 2024 wani zoben ƙarfe mai nauyin kusan kilo 500 ya faɗo a ƙauyen Mukuku na Kenya, hukumar sararin samaniyar ƙasar ta ce na roka ne. Yarjejeniyar duniya ta 1972 ta ɗora biyan diyyar ɓarnar da aka yi a ƙasa a kan ƙasar da ta yi harbin, amma sai ka iya tabbatar da mai kayan tukuna.

Yanzu mu koma ga maganar malamin yaron, wanda gaskiya ya faɗa. Duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, kuma wanda yake kan ikwaita tana tafiya da shi mita 465 a sakan ko yana kwance a tabarmarsa. Kaduna, a digiri 10 da rabi, tana samun kamar 457. Cape Canaveral, a digiri 28 da rabi, kamar 408. Baikonur, 323 ko kusa da haka. Wannan kyauta ce da roka take tashi da ita, sannan ga babbar riba ta ƙarancin karkatar da za a gyara daga baya. A kan takarda, Kaduna ta fi Fulorida, ta fi Baikonur, ta fi Xichang na Sin, ta ma fi Sriharikota na Indiya.

Amma kyautar tana da sharaɗi: sai ka harba gabas. Ɗauko taswira ka ja layi daga Kaduna ka yi gabas. Za ka bi ta kan Saminaka, ka wuce Bauchi, ka wuce Gombe. Gaɓar farko takan faɗo ne 'yan ɗaruruwan kilomita daga inda ta tashi, kuma jiragen ruwan da SpaceX yake tarbar nasa sukan tsaya kamar kilomita 600 daga gaɓar teku. A namu layin, wannan ya kama wajajen Biu zuwa Mubi. Wannan idan komai ya tafi daidai ke nan. Idan bai tafi ba, tan ɗaruruwa na mai ne zai sauka a kan duk wanda yake ƙarƙashi. A Fabrairun 1996, a tashinta na farko, rokar Long March 3B ta karkace 'yan sakanni bayan barin dandamali a Xichang, ta faɗa kan wani ƙauye da tauraron Intelsat 708. Hukumomin Sin sun ce mutum 6 sun mutu, 57 sun ji rauni. Irin wannan rokar ce, daga wannan filin, ta ɗauki taurarin sadarwarmu biyu a 2007 da 2011 ta kai su lafiya. Sin ɗin ma daga baya ta gina sabon fili a Wenchang, a tsibirin Hainan, inda teku take gabas, aka fara harbi a 2016. Rasha tana biyan Kazakistan hayar Baikonur dala miliyan 115 a shekara, kuma abin da ya sa filin yake yiwuwa shi ne faffaɗan dajin da ba mutane sosai inda gaɓoɓin suke faɗawa. Isra'ila, da yake maƙwabta ne a gabashinta, yamma take harbawa ta kan Bahar Rum, ta yarda ta yi asarar kyautar duka har ta biya ƙari.

To a koma bakin teku mana, in ji yaron. Nan ne ƙasarmu ta zama ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Tekunmu kudu take kallo. Daga Legas in ka yi gabas, kan mutanen Neja Delta da Kamaru za ka bi. In ka yi kudu kuwa, ruwa ne zalla har ƙarshen duniya, hanya mai kyau ga taurarin ɗaukar hoto, waɗanda suke bi ta ƙuryar arewa da ƙuryar kudu don su ga ko'ina yayin da duniya take juyawa a ƙarƙashinsu. Sai dai a wannan hanyar kusanci da ikwaita ba ya ƙara maka komai. Shi ya sa NigeriaSat-1 ya tashi daga Plesetsk, can arewacin Rasha a digiri kusan 63, a Satumban 2003, ba tare da wata asara ba. Wato ɓangaren da kusancinmu da ikwaita zai yi amfani a rufe yake, ɓangaren da yake a buɗe kuma ba ya buƙatar kusancin. Waɗanda Allah Ya haɗa wa biyun a Afirka su ne na gabas, irin su Kenya da Somaliya. Italiya ta gane haka tun tuni: daga dandamalin San Marco da ta kafa a teku kusa da Malindi, an harba taurari 9 tsakanin 1967 da 1988, ciki har da wanda aka sa wa suna Uhuru, wato 'yanci, don an harba shi ranar 12 ga Disamban 1970, ranar bikin 'yancin Kenya. Kafin nan ma, tauraron Faransa na farko daga Hammaguir a saharar Aljeriya ya tashi, ranar 26 ga Nuwamban 1965. Afirka ta taɓa zama wurin harbi, rokokin ne ba nata ba.

Shi kansa dandamalin, masana'anta ce guda. Akwai manyan tankunan oksijin da na mai da bututansu, da kwararon da yake kawar da harshen wuta gefe, da hasumiyoyin kama tsawa, da na'urorin bin sawun rokar da za su tarwatsa ta in ta kauce hanya, da ɗakin da ake haɗa tauraro da roka, wanda ƙwayar ƙura ɗaya ba a so ta shiga, balle ƙurar hunturunmu. Ruwan da ake kwararawa lokacin tashi, yawancin aikinsa shanye ƙara ne, domin amon da yake dawowa daga ƙasa zai iya lalata rokar da kayanta. A Afrilun 2023 SpaceX ya gwada babbar rokarsa Starship ba tare da wannan tsari ba, ta farfasa kankaren dandamalin ta haƙa rami. Ranar 1 ga Satumban 2016 kuma, wata Falcon 9 ta fashe a kan dandamali ana cikin zuba mata mai don gwaji, kuma tushen matsalar tulun hiliyom ne a cikin tankin oksijin na gaɓar sama. Tauraron AMOS-6 da yake kanta ya ƙone, wanda Facebook ya kama hayar wani sashensa don kawo intanet ƙasashen Afirka kudu da sahara. Dandamalin bai koma aiki ba sai Disamban 2017. A Alcantara na Barazil, fili mai kyan wuri da bai kai digiri 3 daga ikwaita ba, roka ta kama wuta a Agustan 2003 ta kashe ma'aikata 21, shirin ƙasar ya koma baya da shekaru.

Irin wannan wuri cin kuɗi yake yi ko ana harbi ko ba a yi, sai yawan aiki ne yake biyan sa. A 2024 SpaceX ya harba rokokin Falcon sau 134 daga dandamali uku. Najeriya kuwa taurari shida ta tura tsakanin 2003 da 2017. Ba mai gina tasha saboda mota shida a shekara 14. Ga shi kuma fasahar roka ba a sayar da ita a kasuwa, don rokar da ta kai tauraro falaki za ta iya kai bam wata nahiya, kuma tun 1987 manyan ƙasashe suke da yarjejeniyar hana yaɗa ta. NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X ma, ranar 17 ga Agustan 2011, daga Yasny na Rasha suka tashi a kan Dnepr, wani tsohon makami mai linzami na Tarayyar Sobiyat da aka mayar motar haya, wanda daga cikin rami ake cillo shi kafin ya kunna inji.

Motar haya ɗin ita ce kalmar da ta dace, kuma tsarin bai bambanta da na tashar Kawo ba. Mai kuɗi yana ɗaukar shata, Falcon 9 guda kusan dala miliyan 70 a farashin 2024, ya zaɓi rana da inda za a sauke shi. Mai ƙaramin kaya yana biyan kujera ya jira mota ta cika. Indiya ta ɗauki taurari 104 a tashi ɗaya a Fabrairun 2017, SpaceX ya ɗauki 143 a Janairun 2021, a kan farashin dala miliyan ɗaya ga kilo 200. Mai kujera ba ya zaɓar masauki, inda aka sauke kowa nan za a sauke shi. Siyasa ma tana shiga layin. Dokokin Amurka sun hana a ɗora tauraro mai kayanta a kan rokar Sin, shi ya sa wanda ya je Sin yakan sayi tauraron da rokar a haɗe, kamar yadda muka yi da NigComSat-1. A Maris na 2022 kuma, bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, taurarin kamfanin OneWeb 36 sun maƙale a Baikonur, sai Indiya da SpaceX kamfanin ya koma.

Abin da na gaya wa ɗan yayata shi ne ra'ayina har yanzu. Ina son cibiyar hukumar sararin samaniyarmu ta NASRDA da take Epe ta ci gaba da gwajin ƙananan rokokinta, don ilimin da ba ka taɓa da hannu ba, ba naka ba ne. Amma gaggawarmu tana wani wuri. Injiniyoyinmu sun haɗa NigeriaSat-X da hannunsu a Ingila. Jami'ar fasaha ta Akure ta shiga shirin haɗin gwiwa da Japan, aka tura NigeriaEduSat-1, ɗan akwati mai santimita 10 a kowane gefe, a 2017. Ban ga abin da zai hana makarantar fasahar sojan sama ta AFIT ko Kaduna Polytechnic ko jami'ar Ahmadu Bello yin irinsa su biya kujera ba, a jihar da ta riga ta san aikin tashar ƙasa tun zamanin manyan farantan Kujama. Sannan muna buƙatar mutanen da za su zauna gaban mai roka su san abin tambaya: a wane tsayi gaɓar samanka za ta sauke mu, da wace karkata, mai nawa zai rage mana, sau nawa ta yi wannan tafiya lafiya, inshora ta tsaya a ranar harbi ko ta haɗa da shekarar farko. Tambayar ƙarshen mun ga amfaninta. NigComSat-1 ya tashi lafiya a Mayun 2007, rokar ta yi aikinta, amma farantan solarsa suka lalace a Nuwamban 2008, wata 18 kacal, kuma inshora ce ta sa aka samu madadinsa.

Shi madadin, NigComSat-1R, an harba shi ranar 19 ga Disamban 2011, an tsara shi ya yi shekara 15, lissafin da yake cika a ƙarshen 2026. Yana iya zarcewa in akwai sauran mai a tankinsa. Ranar da man ya zo ƙarshe, da ɗan ragowar za a tura shi kamar kilomita 300 sama da mazauninsa a kashe shi, digiri 42.5 ya zama babu kowa namu a ciki. Ƙa'idar hukumar sadarwa ta duniya ita ce ƙasa tana iya riƙe haƙƙinta a irin wannan gurbi har shekara uku ba ta amfani da shi, bayan nan tana iya rasa shi. Tauraron sadarwarmu na farko, daga sa hannu a kwangila a Disamban 2004 zuwa harbi, wata 29 ya ɗauka. Na biyun, daga Maris na 2009, wata 33.